FILIN SHAWARA: Kafin ka biya kuɗɗin tsohuwar mota, durƙusa ka duba ƙarƙashinta

Watan jiya mun yi magana bisa ajiyar albasa cikin rudu. Yau maganarmu bisa mota take.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da mota? Da ruwanshi. Albasar Galmi ba bisa kai take zuwa kasuwa ba. Ragunan da ake saye kasuwar Badagishiri, mota ke kai su Ƙonni da Yamai. Kuma kowace shekara, in samarinmu sunka komo daga ci-rani, Abijan ko Libiya ko Aljeriya, ba a rasa mai niyyar sayen mota. Sabuwa ta fi ƙarfinmu. Tsohuwa muke saye, wadda wani ya mora har ya gaji.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Akwai wani dattijo da ke karatu ajinmu na yaƙi da jahilci. Bara, bayan an kwashe albasa, ya saida bijimai 2. Ya gama da kuɗɗin albasa da abin da ɗanshi ya kawo daga Abijan. Anka tura yaron birni shi sawo motar da za ta riƙa ɗaukar mutane da kaya ran kasuwa. Da ya isa, sai idonshi ya faɗa bisa wata ja mai ƙofa 2, irin ta tsere wadda ƴan gayu ke so. Cikinta kamar shi taɓa ƙasa. An wanke ta tana walƙiya, har injin an wanke shi tas. Yaro ya ji kukanta, ya biya, bai ko durƙusa ba.

Ba ta yi sati 2 hannunshi ba. Wata rana, tsakanin Badagishiri da Illela, wata ƴar jar fitila ta kama gaban direba. Bai san ma'anarta ba, ya ci gaba da gudu. Inji ya yi ƙara, ya tsaya cik. Da makanike ya zo ya ja sandar awo, babu mai ko ɗigo. Yau motar tana bayan gidansu ƙarƙashin gawo, kaji na ƙwai cikinta.

Dattijon ya ce mini: "Malam, da sa ne, ni da kaina zan tafi, kuma ba mai cutata. Amma ƙarfe ban san haƙoranshi ba."

To jama'a, ƙarfe ma shina da haƙora. Bari mu buɗe bakinshi tare.

BAƘIN MAI SHI NE JININ INJI

Cikin inji, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe da sauri ƙwarai. Baƙin mai ke shiga tsakaninsu shi hana su cin juna, kuma shi rage musu zafi. Injin ƙaramar mota ba shi ɗaukar mai da yawa, litir 4 ne zuwa 5 ga mafi yawansu. In wanga ɗan mai ya tsiyaye, ƙarafa su yi zafi su manne. Cikin mintoci kaɗan inji ya mutu.

Duk inda ƙarfe 2 sunka haɗu, akwai roba ko wani ɗan faifai da ke tare mai. Makanikanmu na ce mishi jowan. In mota ta tsufa, robar ta bushe ta tsage, kamar guga da anka bari cikin rana. Motocin da ake kawo muna sun yi aiki Turai sun gaji, kana anka ɗoro su jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome. Cikin 2023 anka rufe iyakar Gaya da Malanbil, hanyar Kwatano ta yi wuya, wasu sunka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Wata motar ta girmi ɗanka na fari. Ga kuma zafin Adar: watan 4 da watan 5 awon zafi na wuce 40. Zafi na tsinka mai, shi sami ƙofar fita inda da ba shi fita.

Ita kuwa motar tsere, laifinta 2 ne a ƙasarmu. Na ɗaya, an gina ta don gudu, mai ita na farko bai saye ta don shi tausaya mata ba. Da yawansu na da wata na'ura ta ƙarin ƙarfi, turbo, wadda ke zafi ƙwarai, kuma in ta tsufa tana shan mai. Na biyu, cikinta ƙasa-ƙasa shike. Kwanon da mai ke taruwa, wanda ake ce ma karter, shi ne can ƙarƙashin inji. Duwatsun Adar da ramukan hanyoyin ƙauye ba su san gayu ba. Dutse guda ya isa shi huda kwanon. Ku tuna Peugeot 504, wadda anka fara yi cikin 1968, anka kuma riƙa harhaɗa ta Kaduna shekaru da yawa. Abin da ya sa ta daɗe hanyoyinmu, cikinta na da tsawo, kuma kowane makanike ya san ta.

ABU 7 DA ZA KA DUBA

1. Tafi da sassafe, tun inji na da sanyi. Ɗora hannunka bisa kapo, wato murfin inji. In ka ji ɗumi, an riga ka tada ta. Ka ce sai gobe. Inji mai ciwo da sanyin safiya shike tona kanshi.

2. Dubi ƙasa inda motar ta kwana. In da tabon mai, ka gani. In an share wurin ko an zuba sabon rairayi, ka tambayi kanka dalili. Ka tafi da kwali ko takardar buhun siminti, ka shimfiɗa ƙarƙashin inji. In mai mota ya yarda ta kwana bisanshi, ya fi kyau. Launin ɗigon zai gaya maka: baƙi ko ruwan ƙasa, man inji ne. Ja, mafi yawa man akwatin sauya gudu ne ko na sitiyari. Tsanwa ko ruwan hoda, ruwan sanyaya inji ne. In kuwa kusa da ƙafar mota ka ga mai garai-garai mai santsi, wataƙila man birki ne. Wannan ba maganar kuɗɗi ba ce, maganar rai ce.

3. Ja sandar awon mai. Motar ta kasance bisa wuri sosai, inji a kashe. Shafe sandar da tsumma, mai da ta, ka sake jawowa. Tana da zane 2, na bisa da na ƙasa. Mai shi tsaya tsakaninsu. Ga motoci da yawa, tsakanin zanen nan kusan litir 1 ne. Murza man da yatsunka. In ka ji tsaki-tsaki, ko ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, inji na cin kanshi. In ya yi kauri kamar zuma, wataƙila an zuba mai kauri ne don a ɓoye ƙara da yoyo.

4. Buɗe murfin da ake zuba mai, ka juya shi. In ka ga wani abu fari-fari mai kauri, kamar nonon da anka dama da fura, ruwa ya shiga mai. Mafi yawa jowan kilas ne ya ƙone. Wanga gyara babba ne. Amma kar ka taɓa murfin tukunyar ruwa in inji na da zafi, ruwan na iya watso maka ga fuska.

5. Murɗa makulli rabi, kar ka tada inji. Za ka ga ƴar jar fitila mai siffar buta. Ita ce fitilar mai. Dole ta kama. In inji ya tashi, dole ta mutu nan da nan. In ta ƙi mutuwa, akwai ciwo. In kuma ba ta kama ko kaɗan ba, wataƙila an cire ƙwan ne don kar ta yi tsegumi.

6. A tada inji, kai kuma ka koma baya wurin bututun hayaƙi. A taka mata wuta. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, inji na ƙona mai. Wannan yoyo ne na ciki, kwali ba shi nuna shi. Farin hayaƙi mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga.

7. Ku fita da ita tafiyar rabin awa, bisa kwalta da bisa jar hanya. In kunka komo, a kashe ta, a sake shimfiɗa kwalin. Ɗauki tocila, ka durƙusa, ka haska. Injin da anka wanke shina iya yin ƙarya da safe. Bayan rabin awa na gudu, gaskiya za ta tsatso. Ka saurari hancinka kuma. In ka ji ƙaurin mai, ɗiga shike bisa ƙarfe mai zafi. Irin wagga mota in anka tsaida ta bisa busasshen kara ko harawa, tana iya tada gobara. Gargaɗi guda: kar ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

YOYO SUNA YA TARA

Ba kowane yoyo ke hana ciniki ba. Tsohon inji mai ɗan gumi, wanda ƙura ta manne ta bushe bisanshi, ba abin tsoro ba ne ƙwarai. Ni na fi yarda da shi bisa inji mai walƙiya.

In man daga murfin bisa na inji shike fitowa, ko wurin rariyar mai, ko wurin kusar da ake kwancewa ran bidanj, wato juyen mai, gyaran ba shi da wuya. Sai ka nemi ragi.

In kuwa ɗigon daga mahaɗar inji da akwatin sauya gudu shike fitowa, ka yi tunani. Robar da ke wurin ƙarama ce, ba ta da tsada. Amma kafin a kai gare ta sai an sabko da akwatin ɗungum. Kuɗɗin aiki ya fi kuɗɗin robar nesa ba kusa ba. Kuma in motar baƙuwa ce, irin ta tsere, robar ma ba lalle ka same ta Tawa ko Ƙonni ba. Sai an aika nesa, mota na zaune, iyali na jira.

In ka ga fari-farin nan ga murfi, ko hayaƙi mai shuɗi, ko kwanon mai da anka liƙe da gam, ka yi ma mai mota godiya ka kama hanyarka. Araha ba ta ado.

GA LISSAFI

Ƴan ajinmu, ku ɗauko alli. A ce mota na shan litir 1 duk zuwa Ƙonni da komowa. A ce tana zuwa sau 2 cikin sati. Wata guda, litir 8 ke nan. Wata 12, litir 96. A ce litir guda jika 2 ne. 96 sau 2, jika 192 cikin shekara. Tumaki nawa ke nan? Mai saida mota zai ce maka: "Ɗan ɗigo ne kawai." Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

KAR KA TAFI KAI KAƊAI

Tafi da makanike naka, wanda ka sani, ka san gidansu. Ba wanda dillali ya kawo ba. Abin da za ka ba shi bai kai kuɗɗin akuya ba, amma shina iya tsare maka bijimai. In mai mota ya hana a duba, ko ya ce wani na tafe da kuɗɗi yanzu-yanzu, bar ma wanin. Sauri ya haifi nawa.

In kun shirya, a rubuta. A sa lambar mota, da kuɗɗin, da kwanan wata, da aibin da mai ita ya faɗa, da abin da za a yi in wani aibi ya fito cikin kwanakin da kunka yanka. Shaidu 2 su sa hannu. Ka gwama lambar da ke bisa takardar mota, kart giris, da wadda ke buge ga jikin ƙarfe. Nan karatu ke rana. Ku kuma masu saidawa, ku ji tsoron Allah. Malamanmu sun sha faɗa muna, ɓoye aibin haja haramun ne.

Wagga dabara ba ta mota kaɗai ba ce. Mai sayen tsohon babur, ko injin ban ruwa na garka, ko injin niƙa, shi ma shi ja sandar awo, shi dubi hayaƙi, shi dubi ƙasa.

Dattijon namu bai bar aji ba. Satin jiya na zana butar nan bisa allo, na tambaya mi take nufi in ta kama ana cikin tafiya. Shi ya fara ɗaga hannu. Ya ce: "A tsaya nan take, a kashe inji." Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba, musamman samarin da ke shirin komowa gida da guzurinsu.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana bisa gyaran injin ban ruwa kafin aikin rani. Mu kwana nan. Allah shi ba mu wucewa lafiya.

Naku, malamin yaƙi da jahilci, Badagishiri.