Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi: Ra'ayina Kan Shirun Sibelius

'Yan uwana ɗalibai, a wannan fitowa ina so mu leƙa ƙasar Finland da ke arewacin Turai, mu duba wani al'amari da har yau masana kiɗa ke jayayya a kansa. Shin fasihi na da ikon hallaka aikinsa alhali duniya na jiran sa? Wanda ya jawo wannan tambaya shi ne Jean Sibelius, mashahurin mai tsara kiɗa na ƙasar.

An haifi Sibelius ranar 8 ga Disamba, 1865 a garin Hämeenlinna. Mahaifinsa likita ne, ya rasu a 1868 ya bar iyali cikin bashi. A gidansu harshen Suwidin ake yi, amma an sa shi makarantar da ake koyarwa da harshen Finland, inda ya shaƙu da Kalevala, wato tarin waƙoƙin baka da Elias Lönnrot ya bi ƙauyuka ya tattara, ya buga a 1835. A 1885 ya shiga jami'a a Helsinki don karatun lauya, bai daɗe ba ya watsar ya koma kiɗa, har ya ƙaro ilimi a Jamus da Ostiriya.

A lokacin Finland na ƙarƙashin Rasha. A 1899, da sarkin Rasha Nikolas na Biyu ya fara tauye 'yancin ƙasar ana rufe jaridu, Sibelius ya tsara kiɗa domin wani taron tallafa wa 'yan jarida. Kashi na ƙarshe na kiɗan shi ya gyara a 1900 ya zama Finlandia. Babu kalma ko ɗaya a cikinsa, amma kowa ya gane abin da yake faɗa, har ta kai ana sauya masa suna kafin a kaɗa shi don gudun hukuma. Wannan karin ya iso har Nijeriya, domin a kansa aka ɗora taken Biyafara lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Babban aikinsa shi ne simfoni, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi wanda taron makaɗa masu goge da bushe-bushe da ganguna ke yi tare. Ya tsara guda 7 tsakanin 1899 da 1924. Bayan wani kiɗa mai suna Tapiola a 1926, bai sake fitar da babban aiki ba har ya rasu ranar 20 ga Satumba, 1957 yana da shekara 91. Shekara 30 ke nan yana zaune a gidansa Ainola kusa da Järvenpää.

Ba wai ya daina aiki ba ne. Ya yi shekaru yana fama da simfoni na 8, ya ma yi wa Serge Koussevitzky, jagoran makaɗan Boston a Amurka, alkawarin sa, yana ta ɗaga lokaci. A cikin shekarun 1940 ya kwaso takardunsa masu yawa ya zuba a murhun gidansa suka ƙone, kuma masana na ganin simfonin na cikinsu. Matarsa Aino ta ba da labarin cewa bayan haka hankalinsa ya fi kwanciya.

Masu ganin laifinsa suna da hujja, ba zan ɓoye ta ba. Tun 1897 gwamnati ke ba shi kuɗin tallafi duk shekara don ya zauna ya yi kiɗa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Suna kuma cewa tsoro ne ya kama shi. Sunansa ya yi girman da yake fargabar ya fitar da abin da bai kai na baya ba, ga tsufa, ga rawar hannu, ga shan giya da ya daɗe yana damun sa. A ganinsu, wanda ke cikin irin wannan hali bai dace ya zama alƙalin aikinsa ba.

Ni dai ban yarda da su ba. Na farko, ladan ya riga ya biya shi. Simfoninsa na farko-farko da Finlandia sun kai sunan ƙaramar ƙasa duniya tun kafin ta sami 'yancin kai a 1917. Na biyu, wannan tsanani ba tsufa ne ya kawo shi ba, halinsa ne tun yana matashi. Kullervo, kiɗan da ya fito da shi fili a 1892, janye shi ya yi bayan an kaɗa sau kaɗan, ba a sake jin sa cikakke ba sai 1958. Babban kiɗansa na goge ya fito a 1904, bai gamsu ba ya sake shi a 1905. Simfoni na 5 kuwa sau uku ya tsara shi, a 1915 da 1916 da 1919. Kunnen da ya ƙi amincewa da zubin farko na waɗannan ayyuka shi ne ya ba mu zubin da ake yabo yau. Don me za mu yarda da hukuncinsa sa'ad da ya yi mana daɗi, mu ƙi shi sa'ad da ya hana mu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 2011 makaɗan Helsinki sun kaɗa wasu gutsattsari da aka tsinta cikin takardunsa, waɗanda ake kyautata zaton na simfoni na 8 ne. Duka-duka ba su kai minti 3 ba. Na fahimci ƙishirwar da ta sa aka yi haka, sai dai abin da mutum ya ɓoye da ransa, bai kamata a ɗauke shi a matsayin maganarsa ta ƙarshe ba.

Mai karatu, yawancinmu muna rubutu, kuma mun san zumuɗin ganin aikinmu ya fito. Sibelius yana da suna, ga masu roƙo, ga kuɗi na jira, da ya miƙa kowace irin takarda da an tafa masa. Ya duba ya ga ba ta kai ba, ya haƙura. A wurina wannan haƙuri na cikin manyan ayyukansa.