Abdoulaye Mamani: An ɗaukaka Sarauniya, ina labarin marubucin Zinder da ya raya sunanta?

Tun bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yulin 2023, sunan Sarauniya Mangu ya sake cika bakin jama'a a Jamhuriyar Nijar. Hukumomin soja sun ƙirƙiro lambar girmamawa mai ɗauke da sunanta, kuma da wuya a yi jawabi a kan 'yancin ƙasa ba a ambace ta ba. A watan Oktoban 2024 aka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titin birnin Yamai, aka sa na Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba. Sannan a ranar 26 ga watan Maris na 2025 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki.

Akwai mutum ɗaya da waɗannan abubuwa uku suka haɗu a kansa, wato marigayi Abdoulaye Mamani, mawaƙi, marubucin wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari da gajeren labari. Tare da Djibo Bakary ya yi gwagwarmaya, shi ya sa Sarauniya cikin littafi, kuma Zinder, cibiyar Hausar Damagaram, ita ce garin da ya wakilta a siyasa, ya kuma ƙare rayuwarsa a cikinsa. Sai dai ayyukan da suka fito da sunansa da Faransanci ya rubuta su, a birnin Paris aka buga su. Wanda bai yi zurfi a lakwal ba, ko da a unguwar Birni aka haife shi, ba shi da hanyar karanta su kamar yadda suka fito daga hannunsa. Nan ne sabuwar dokar harshe za ta nuna ko da gaske take.

Daga Gudumariya zuwa Aljeriya

An haifi Abdoulaye Mamani a shekarar 1932 a Gudumariya, cikin ƙasar Manga, a jihar Diffa ta yau. Tun yana matashi ya shiga harkar ƙungiyar ƙwadago, daga nan ya faɗa siyasa a ɓangaren Djibo Bakary. Bai kai shekara 30 ba aka zaɓe shi wakilin Zinder, a zamanin da talakawan gari, 'yan kasuwa ƙanana, direbobi da masu sana'ar hannu ke ganin Sawaba a matsayin bakinsu.

Abin bai daɗe ba. A ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga watan Satumban 1958, Sawaba ta nemi a ce "a'a" ga tayin Janar de Gaulle, kamar yadda Gini ta yi. Hukumomin mulkin mallaka da sarakuna da dama suka haɗa ƙarfi, "e" ta yi rinjaye, gwamnatin Djibo Bakary ta faɗi. A 1959 aka haramta jam'iyyar. Da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960 ƙarƙashin Diori Hamani, 'yan Sawaba da yawa suna kurkuku ko suna gudun hijira. Mamani yana cikin waɗanda suka bar ƙasar, ya kuma daɗe a Aljeriya, wadda a lokacin ta zama matattarar 'yan gwagwarmayar Afirka.

A can ƙasar waje alƙalaminsa ya nuna. A 1972 ya fitar da kundin waƙoƙinsa mai suna Poémérides, a 1973 kuma wasan kwaikwayonsa Le Balai, wato tsintsiya. Bayan Seyni Kountché ya kifar da Diori a ranar 15 ga watan Afrilun 1974, 'yan gudun hijira suka ɗauka cewa ƙofa ta buɗe, suka dawo gida. Ba a jima ba sabuwar gwamnatin ta juya musu baya. An kama Djibo Bakary a 1975, shi ma Mamani ya yi shekaru a tsare. Mulkin farar hula ya kore shi, mulkin soja ya ɗaure shi. Duk mai son ya yi amfani da sunansa a yau ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Yadda littafi ɗaya ya sauya tarihi

A 1980 kamfanin L'Harmattan na Paris ya buga Sarraounia. Labarin ya ginu a kan abin da ya faru a watan Afrilun 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta taso daga yamma tana ƙona garuruwa a hanyarta ta zuwa tafkin Chadi, ta auka wa Lugu, ƙauyen Aznawa da ke yankin Dogon Dutsi. Takardun sojan Faransa layuka kaɗan suka ba wannan mata. A Lugu kuwa, Sarauniya muƙami ne na addinin gargajiya da ake gada har yanzu. Mamani ya haɗa abin da ya samu a takardu da abin da ya ji daga bakin mutane, ya cika giɓin da basirarsa, ya fito da jarumar da kowa ya sani yau. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni da Elara Bertho ta Faransa sun yi nazari a kan yadda littafin ya mayar da labarin yanki ɗaya ya zama na ƙasa baki ɗaya.

Mutanen Damagaram sun san ƙarshen wannan runduna fiye da kowa. Bayan kisan gillar Birnin Ƙonni, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a ranar 14 ga watan Yulin 1899 a yankin Tasawa, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe shi da Chanoine. Ragowar rundunar ce ta gwabza da dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen watan, ta shiga Zinder. Ke nan labarin da Mamani ya ɗauko a Lugu, a ƙofar Birni ya ƙare.

A 1986 Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mayar da littafin fim. Ba a Nijar aka ɗauke shi ba, a Burkina Faso ta Thomas Sankara aka yi aikin, inda Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. Fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Abin lura a nan shi ne, jarumar Bahaushiya ce, amma littafinta da Faransanci yake, a fim ɗin kuma harshen Jula ya ɗauki matsayin da Hausa za ta ɗauka.

A 1987 ne kuma aka buga gajeren labarinsa Une nuit au Ténéré, wato dare ɗaya a hamadar Tenere, shi ma a Paris. Shekaru shida bayan haka, a 1993, Mamani ya rasu a haɗarin mota a kan hanyar Zinder zuwa Yamai, yana tafiya karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama. A shekarar ce wani ɗan Zinder, Mahamane Ousmane, ya zama zaɓaɓɓen shugaban ƙasa. Allah bai nufa Mamani ya daɗe cikin wannan sabon zamani ba. Rubuce-rubucen da ya bari, wani Bafaranshe mai nazarin adabin Nijar, Jean-Dominique Pénel, ya yi ɗawainiyar tattara su, aka buga su a L'Harmattan. Ko bayan rasuwarsa, sai da takardunsa suka bi ta Paris kafin su zama littafi.

Ciwon ba nasa kaɗai ba ne

Haka akasarin marubutan Nijar na zamaninsa da na bayansa suka yi fama. Alfred Dogbé, wanda ya rasu a 2012, a Beljiyam aka buga kundin gajerun labaransa Bon voyage, Don Quichotte! a 1997. Dalilan a fili suke. Makaranta da Faransanci take koyarwa, gidajen buga littattafai na cikin gida kaɗan ne kuma ba su da jari, gasanni da kyaututtukan da ke fito da sabon marubuci yawancinsu daga waje suke zuwa. Littafin da aka buga a Turai kuwa, kafin ya iso Zinder, kilomita kusan 900 daga Yamai, kuɗinsa ya fi ƙarfin malamin makaranta, balle ɗalibi.

Yanzu waɗannan hanyoyi na waje suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. An dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023. Cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar da ke Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Jean Rouch, ta koma hannun Nijar da sunan Moustapha Alassane. A watan Maris na 2025 ƙasar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai. Abin da ba a musu a kansa shi ne, matashin da ke rubuta labari a Zango ko Garin Malam yana buƙatar wata ƙofar da za ta maye gurbin waɗanda aka rufe.

Ba masu karatu aka rasa ba. A tsallaken iyaka, kilomita kusan 240 daga Zinder, marubutan Kano sun nuna tun shekarun 1980 cewa Bahaushe yana sayen littafi idan da harshensa aka rubuta kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin aljihu ba. Littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun ratsa iyaka ba tare da tallafin wata gwamnati ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta fito da mata da yawa masu rubuta gajeren labari. Ita kanta Zinder tana da gadonta. A nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, a nan kuma Yazi Dogo da abokansa suka yi wasannin kwaikwayon da suka tara jama'a gaban rediyo da talabijin shekara da shekaru.

Me ya sa gajeren labari?

Idan ana son kundin 2025 ya wuce takarda, gajeren labari ne wuri mafi sauƙin farawa. Ana fassara shi cikin 'yan makonni. Ana karanta shi a shiri ɗaya na rediyo, ya isa ga tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Yana shiga shafin jarida, yana yawo a WhatsApp, malami yana gama shi da ɗalibansa a darasi biyu. Buga ƙaramin littafi mai labarai goma bai kai kuɗin shirya biki ɗaya na ba da lambar girmamawa ba.

Akwai masu ƙorafi, kuma ƙorafinsu abin saurare ne. Masu magana da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci, Tamajak da sauran harsunan ƙasar sun nuna damuwa cewa fifita Hausa zai iya danne nasu, tunda dokar 2001 ta ba harsuna goma matsayi ɗaya. Rayuwar Mamani tana da amsa a nan. Ɗan ƙasar Manga ne da ya wakilci Damagaram, ya rubuta labarin wata mata daga yammacin ƙasar Hausa, ya kuma miƙa ta ga 'yan Nijar duka. Fassara shi zuwa Hausa ba ta hana a fassara shi zuwa Barbarci ko Zabarmanci. Hasali ma, aikin da aka fara da harshe ɗaya yana share wa sauran hanya.

Wasu kuma za su ce ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da tsadar rayuwa ba ta da sukunin kula da tatsuniyoyi. Amma hukumomi da kansu suka nuna darajar labari, ranar da suka ɗauki sunan Sarauniya suka sa a lambar girmamawa. Da Mamani bai zauna ya rubuta ba, da wuya sunan ya yi nisan da ya yi.

Aikin ba shi da ruɗani. Haƙƙin mallakar littattafan yana tsakanin magadansa da kamfanin da ya buga su, don haka sai an zauna da su. Jami'ar André Salifou ta Zinder, mai ɗauke da sunan masanin tarihin da ya rubuta tarihin daular Damagaram a ƙarni na 19, tana da malamai da ɗaliban da za su iya fassarar. Gidajen rediyon garin suna da masu muryar karantawa. Abin da ya rage shi ne kuɗin bugu mai arha, da shigar da labaran cikin manhajar makarantu, da gasa ta shekara-shekara ta gajerun labarai cikin harsunan ƙasa, wadda alƙalanta ba za su tambayi marubuci ɓangaren da yake goyon baya ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Mamani ya rubuta abin da ya rubuta ne domin bai saba sunkuyar da kai ba, kuma gwamnatoci biyu sun sa ya biya farashin haka. Girmama shi ba zai cika ba idan marubucin yau yana auna kowace kalma da tsoro kafin ya sa ta a takarda.

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Fiye da shekara 30 bayan rasuwar Abdoulaye Mamani, ma'aunin sabuwar dokar harshe a Damagaram mai sauƙi ne: ranar da ɗalibar sakandare za ta shiga kasuwar Dole da kuɗin da bai wuce na abincin rana ba, ta fito da labarinsa na dare ɗaya a Tenere, da Hausa, ta karanta wa kakarta.