Ra'ayinmu: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Duk wanda ya tashi a ƙasar Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya san yadda dattawa kan kewaye akwatin rediyo bayan sallar isha'i, a yi tsit, ana sauraron labarin duniya. Tun 1957 BBC ta fara magana da Hausa daga London, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa kuma a 2007. Da haka manomin da bai taɓa zama a aji ba ya iya yi maka bayanin rikicin Falasɗinu dalla-dalla. Waɗannan tashoshi kuwa aiki biyu suke yi: su kawo wa ƙauye labarin duniya, su kuma kai wa duniya kukan ƙauye.

Mai shakkar amfanin aiki na biyun nan ya tambayi mutanen Sunke. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da Yargalma. Ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Da labarin ya game duniya aka kawo magani, aka kankare gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai. Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta tana jira. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kuɗi a 2012, ba ta sake su ba sai a Janairu 2013, bayan samarin ƙasar nan da 'yan jaridun gida da na waje sun hana ta sakat. Abin lura kuma, tashin farashin zinariya a kasuwannin duniya shi ya sa jama'a suka rungumi haƙa gadan-gadan. Watau abin da aka ƙulla a London shi ya kwance a tsakar gidan mutumin Sunke.

To, ga shi tagogin nan ana rufe su ɗaya bayan ɗaya. A Janairu 2023 BBC ta kashe rediyonta na Larabci bayan shekara 85, saboda ƙarancin kuɗi. A Agusta 2023 sojojin Nijar suka dakatar da Rediyon Faransa, a Disamba 2024 suka dakatar da BBC wata uku. A Maris 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata takardar umurni, aka sallami ma'aikatan Muryar Amurka fiye da dubu su zauna a gida, masu sauraron sashen Hausa suka murɗa akwati suka ji wayam.

A gida ma ba ta canza zani ba. A Satumba 2021 aka yanke layukan wayar tarho a Jihar Zamfara baki ɗaya. A 2022 hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga. A Oktoba 2022 gwamnatin jiha ta ba da umurnin rufe wasu tashoshi a Gusau don sun ɗauki taron 'yan adawa.

Ina ruwan dimokuraɗiyya da wannan? Ai ruwa da tsaki. Ƙuri'a hukunci ce, kuma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji shaidu. A Janairu 2022 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Hukuma ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna wurin suka shaida wa manema labarai cewa sun kusa 200. Da babu wanda ya nemi bakin mazaunan, da adadi ɗaya kaɗai za a ji, a kansa kuma talaka zai auna shugabansa ranar zaɓe. Inda sahihin labari ya janye, jita-jita ke shimfiɗa tabarma. Ga ta nan tana yawo a WhatsApp ba uwa ba uba. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Ba mu ce tashoshin waje waliyyai ba ne. Kowace akwai wanda ke ɗaukar nauyinta, yana kuma da tasa manufa, kamar yadda abin da ya sami Muryar Amurka ya nuna: hannun da ya kunna shi ya kashe. Laifinmu shi ne da muka saki jiki shekara da shekaru, muka bar wa baƙo aikin mai gida. Zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka muke kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu koyon aikin jarida da harsuna a Gusau da Sakkwato da Kano da Zariya. Idan an yi hutu kada ku koma gida hannu rabbana. Ku rubuta abin da idonku ya gani, da rana da wuri da adadi, ku tabbatar kafin ku yaɗa. Masu jin Larabci da Faransanci da Ingilishi su riƙa juya labarin duniya zuwa Hausa mai daɗin ji, su kai wa tashoshinmu na gida. Ku kuma matasan ma'aikata, ku tuna Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon tambayar abin da ke cikin fayil. In ya zo kada ku ce masa ya dawo gobe. Albashinku daga aljihunsa ya fito.

Yaran da suka tsira daga dalma a 2010 yau sun zama samari da 'yan mata, da yawansu sun isa jefa ƙuri'a. Sun rayu ne domin an ji kukan iyayensu a nesa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa ba, ko ya faɗa ba mai ɗauka, ruwa zai ci ɗakin. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da juriyar sauraronta, amin.