Motar Kira a Dusuman: Darasi daga Helsinki da Tashoshin Yobe

Tun da aka hana acaɓa a Maiduguri a watan Yulin 2011, Keke Napep ya zama abin hawan talaka. A cikin gari ba a rasa shi. Amma ga mutumin Dusuman a Ƙaramar Hukumar Jere, can gaba da Muna a kan hanyar Dikwa, samun abin hawa sai an dace da lokaci. Da hantsi akwai keke. Da zarar dare ya yi, ko aka ce a shiga lungu a ɗauko mara lafiya, to sai shata, kuɗin shata kuwa ya yi tashin gwauron zabi tun janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Motocin haya masu rahusa da gwamnatin Borno ta fito da su a 2023 sun rage zafi, sai dai babban titi suke bi, ba sa zuwa ƙofar gida.

Abin da unguwa irin wannan take bukata shi ne motar kira: abin hawa na jama'a wanda za a buga wa waya ya zo, ya haɗa mutum uku ko huɗu masu hanya ɗaya, kowa ya biya kaɗan. An gwada hakan a wurare da dama, biyu daga ciki sun ishe mu misali.

A Helsinki, babban birnin Finlan, hukumar sufuri ta fara wani tsari mai suna Kutsuplus a 2012. Mutum ya nemi mota ta intanet, kwamfuta ta haɗa shi da masu tafiya ɓangarensa, ƙaramar bas ta zo ta kwashe su. Fasinjoji sun yaba, amma a ƙarshen 2015 aka rufe shi. Motoci 15 ne kacal a birni guda, kujeru ba sa cika, ga albashin direbobi, ga kuɗin na'ura, hukuma ce kuma ke cike gibin kowace tafiya. Ƙasa mai arziki ma ta gaji. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Misali na biyu a maƙwabta yake. A Yobe, Jigawa, Katsina da Zamfara, shirin lafiya na PRRINN-MNCH ya haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW don kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Daga baya ƙungiyar Transaid ta kai tsarin Adamawa a 2013. Ba a sayi motar asibiti ba. Direbobin haya na tasha aka zaɓa, aka koya musu alamomin haɗari ga mai ciki da yadda ake ɗaukarta, aka raba lambobin wayarsu a ƙauyuka. Dare ya tsala, jini ya ɓalle wa mace, maigida ya kira, direba ya taso. Kuɗin mai kawai ake ba shi, wani lokaci ma ya yafe. A rubuta tafiyar a littafi. Da ya koma tasha, shugabannin yuniyon su ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba. Wannan lodin shi ne ladansa na duniya, kuma duk wanda ya taɓa ganin direba ya wuni yana jiran layinsa ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Helsinki ta fara da tanadar mota da na'ura, sannan ta shiga neman fasinja. Tashoshin Yobe sun fara da direban da kowa ya san gidansu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka, idan mutanen Dusuman za su kafa tasu, kada su jira sabuwar bas ko manhajar waya. Bulama da lawan su zauna da shugabannin masu keke, a ware wasu direbobi amintattu da za su riƙa karɓa-karɓa. A samu lambar waya guda, a rubuta ta a bangon masallaci da na asibitin unguwa, a ɗora ta a hannun mutum ɗaya mai littafi. A tsayar da farashi a fili: na zuwa Muna daban, na kasuwar Gamboru daban, na asibiti daban. Masu zuwa kasuwa su sanar tun daren jiya, don keke ya tashi a cike. A buɗe asusun mai irin na adashi, kowane gida ya jefa abin da ya sawwaƙa, domin tafiyar gaggawa kada ta tsaya a kan ciniki. Kuma tunda tafiyar dare a wannan yanki tana tafe da shingen tsaro, a miƙa sunayen direbobin da lambobin kekunansu ga sojoji da 'yan gora tun kafin bukata ta taso.

Gwamnati da ƙungiyoyin agaji suna da rawar takawa, wajen horo da tallafin mai. Amma ragamar ta zauna a hannun mutanen unguwa, domin tallafi yana da ranar ƙarewa, naƙuda kuwa ba ta duba agogo.