Sabo da Yayi a Sha'anin Manhajar Rauta

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu sun san 'yar na'urar nan mai ƙahoni da ake ratayewa a bango ko a ɗora bisa kabad, wadda ke rarraba intanet ba tare da waya ba, watau rauta. Abin da ba kowa ya kula da shi ba shi ne, ita ma ƙaramar kwamfuta ce, kuma tana da manhajar ciki wadda ke tafiyar da ita. Wasu daga cikinmu, musamman 'yan sashen kimiyyar kwamfuta da na injiniya, sun daɗe da cire manhajar da kamfani ya zuba, suka ɗura DD-WRT ko Tomato. Muhawarar da ake yi yanzu ita ce: wanda ya riga ya yi wannan, ya kamata ya sāke ya koma wata dabam, kamar OpenWrt, ko kuwa ya bar abinsa yadda yake?

Mu dai ra'ayinmu shi ne, tambaya biyu ce kawai ke raba wannan gardama. Shin manhajar da ke ciki har yanzu ana gyara ta? Shin kuma wadda ake marmari tana dacewa da kayan cikin na'urar? Duk abin da ya wuce waɗannan biyu, ko dai sabo ne, ko kuwa yayi.

Sai mun san asalin abin za mu fahimci haka. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys ya fito da rauta mai suna WRT54G. A 2003 aka gano cewa Linux ne a cikinta, alhali kuwa lasisin GPL ya wajabta wa duk wanda ya sayar da kaya da Linux a ciki ya saki rubutun manhajar ga jama'a. Aka matsa, kamfanin ya saki. Daga wannan tushe ne OpenWrt ta tsiro a 2004, DD-WRT ta Sebastian Gottschall na Jamus ta biyo baya a 2005, sa'an nan Tomato ta Jonathan Zarate a 2006. Ashe dai 'yan gida ɗaya ne, kowacce ta kama hanyarta. Masu yin su ma ba su ɗauki abin da tsarki ba: a 2016 wasu magina OpenWrt suka ɓalle suka kafa LEDE, a 2018 kuma suka shirya suka koma inuwa ɗaya. To, in masu ginin kan tashi su sāke sheƙa, mene ne namu na riƙe suna kamar na kakanni?

Masu iya magana sun ce sabo turken wawa. Akwai ɗan'uwan da zai ce maka rautarsa shekara da shekaru ba ta taɓa tsayawa ba, don haka ba ya taɓa ta. Lalle tana aiki, amma aiki dabam, tsaro dabam. Tomato ta asali ta tsaya tun 2010, sai dai rassanta irin su FreshTomato suka ci gaba. A 2017 wani mai bincike ɗan Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya bayyana ɓarakar da aka yi wa laƙabi da KRACK a tsarin WPA2, tsarin da ke kulle wayifai, aka yi ta fitar da gyara. Duk manhajar da aka daina kula da ita kafin wannan shekara ba ta ga gyaran ba, ba kuwa za ta gan shi ba. A 2018 kuma aka gano cutar VPNFilter ta kama na'urori kimanin 500,000 a ƙasashe fiye da 50. Gaskiya ne manhajojin kamfanoni ta fi aukawa, amma darasin ɗaya ne, domin ɓarawo ba ya tambayar wa ya ƙera kwaɗo, sai dai ko ya tsufa. Ta wannan 'yar na'ura rajistar kwasa-kwasanmu ke bi, ta nan kuɗin makaranta ke wucewa. Wanda ya cire manhajar kamfani ya ɗauke wa kamfanin nauyin kula da ita, ya aza wa kansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Amma fa ɗaya ɓangaren ma yana da nasa ciwon, kuma a ganinmu shi ya fi kashe na'urori. Mutum ya ji ana yabon OpenWrt, sai ya ce shi ma sai ita. Yabon kuwa da gaskiyarsa. Rubutunta a buɗe yake, tana fitowa da lambar fitowa sananniya, alhali DD-WRT, ko da yake ana sabunta ta a kai a kai, sigogin gwaji take fitarwa. Daɗin daɗawa ana iya ƙara mata tsarin SQM mai raba layi da adalci, yadda in ɗaya yana sauke fim, ɗaya ba zai rasa laccarsa ba. Duk wanda ya taɓa zama ɗaki da mutum huɗu ya san darajar wannan. Sai dai manhaja ba riga ba ce da za a sa wa kowane jiki. Rautocin da ke da cif ɗin Broadcom su ne babban misali: kamfanin bai buɗe manhajar da ke tuƙa rediyonsa ba, DD-WRT da Tomato da rufaffiyar suke aiki, ita kuwa OpenWrt tallafinta a nan ragagge ne. Mai irin wannan rauta in ya koma OpenWrt yana iya wayar gari da na'ura mai tashi lafiya amma wayifai ɗinta ya raunana ko ya ɓace, garin neman gira ya rasa ido. Shi FreshTomato ko sabuwar DD-WRT ta fi masa.

Haka nan girman ma'ajiya. Na'ura mai megabait 4 na ma'ajiya da 32 na ƙwaƙwalwar aiki, OpenWrt ta daina ɗaukarta bayan fitowa ta 19.07. Ko suna ma yana ruɗi. WRT54G ɗin nan da kanta, da aka kai siga ta 5 a 2005, an cire mata Linux an sa VxWorks, an kuma rage ma'ajiyarta rabi, suna da kwali kuwa suna nan yadda suke. Saboda haka sai an juya na'ura an karanta lambar sigar da ke ƙasanta kafin a sauke komai.

Abin da muka fi son a lura da shi shi ne, sauyi na biyu ya fi na farko haɗari, ko da yake mai yin sa yana ganin ya ƙware. Fayil ɗin da aka tanada don shigar farko an shirya shi ne yadda shafin kamfani zai karɓa, ba lalle shafin DD-WRT ya karɓe shi ba, shi ya sa a na'urori da yawa hanya mafi aminci ita ce a koma manhajar kamfani tukuna, sa'an nan a wuce. Bayan haka ga maganar saituna. DD-WRT da Tomato suna ajiye nasu a wani keɓaɓɓen lungu da ake kira NVRAM, wanda filashin ba ya sharewa, OpenWrt kuwa a fayilolin rubutu take ajiye nata. In ba a share tsofaffin ba, sabuwar manhaja sai ta karanta abin da ba da harshenta aka rubuta ba. Sananne ne cewa mai barin DD-WRT zuwa Tomato yakan tarar kalmar sirrinsa ta ƙi buɗewa saboda haka. Fayil ɗin ajiyar saituna na tsohuwar ma ba ya amfani a sabuwar, gara a kwafe su a takarda. Wanda ya shiga OpenWrt kuma kada ya firgita in bai ga wayifai ba, a kashe take zuwa da shi sai an kunna, don haka dole a yi aikin da kebul.

Sa'an nan ga wutar lantarki, wadda masu rubuta umarni a Turai ba su cika tunawa da ita ba. Filashin minti kaɗan ne, amma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, na'ura na iya zama bulo. Wani lokaci a ceto ta ta hanyar TFTP, wani lokaci sai an buɗe cikinta. A jona ta da batir ko inbata kafin a fara, a kuma sauke manhajar kamfani a ajiye tun intanet yana nan.

Galibin rautocin ɗakunanmu kuwa da karo-karo aka saye su. Mai ilmin na'ura a cikin ɗaki wakili ne kurum, ba shi da ikon yin gwaji da dukiyar abokansa ba da saninsu ba, balle a makon jarrabawa.

Ba muna cewa a ji tsoro a bari ba ne. 'Yancin nan da ƙyar aka same shi, kuma an so a rufe shi: bayan sabbin ƙa'idojin hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, kamfanin TP-Link ya fara toshe ƙofar manhajojin waje, sai a sulhun da suka yi a 2016 aka ci shi tarar dala 200,000, aka kuma sharɗanta masa ya ba su hanya. A 2024 har rauta ta kanta OpenWrt ta fitar, mai suna OpenWrt One. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta ware rana ɗaya a farkon kowane zango, a zauren da ke da wuta tabbatacciya, 'yan sashen kwamfuta su zauna da kebul da kwamfutocinsu, kowa ya kawo rautarsa a duba sigarta da shekarar manhajar da ke cikinta. Wadda ake iya sabuntawa a sabunta, wadda ta cancanci sauyi a sauya mata, wadda kuwa ma'ajiyarta ta gaza a gaya wa masu ita su fara tara kuɗin wata.