Lasisin Babur Ba Asara Ba Ne: Martani

Malam, ka rubuta cewa saurayi ya haƙura har ya sami mota, wai lasisin babur asarar kuɗi ne. Yaushe rabonka da hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme? A ƙauyukan Faskari da Sabuwa babur ne ke kai buhun masara kasuwa, shi ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da damina, ta inda mota ba ta bi.

Tun 2021, da Gwamna Masari ya taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga, mai babur ya zama abin zargi a kowane shinge. Lasisin Hukumar Kiyaye Haɗurra, mai hotonsa da sunansa, shi zai miƙa wa soja ya wanke kansa. Motar da kake cewa ya jira, wa zai saya masa?