Kayan Girkin Kudancin Indiya Suna Nan a Kasuwarmu

 

Tun da finafinan kudancin Indiya irin su Baahubali na shekarar 2015 suka cika gidajenmu da fassarar Hausa, wasiƙunku suke zuwa da tambaya guda: wai abincin nan da ake zuba musu a kan ganyen ayaba, a ina mace za ta samu kayan haɗinsa? Wata ma cewa ta yi ta kwashi kuɗin cefane ta shiga wani babban kanti, ta sayo kwalabe masu tsada, ƙarshe maigida bai ci loma biyu ba. To 'yar uwa, ki adana kuɗinki. Yawancin kayan nan suna nan a kasuwar garinku, sunansu ne kawai ya bambanta.

Da farko ki sani kudancin Indiya jihohi 5 ne: Kerala, Tamil Nadu, Karnataka, Andhra Pradesh da Telangana. Mutanen arewacin ƙasar alkama suka fi ci, su kuwa na kudu shinkafa ce abincinsu, sai kwakwa da tsamiya da barkono. Kin ga kuwa ashe 'yan gida ne.

Miyarsu da ta fi suna ita ce sambar. Tsaminta daga tsamiya yake, wannan dai da muke kunu da ita. Kalarta daga kurkum ne, wanda masu kayan ƙamshi na Kasuwar Kurmi da Kasuwar Rimi a Kano suke aunawa da cokali. Suna zuba kabewa da kuɓewa da yalo da albasa. Abin da zai ba ki mamaki shi ne zogale. Mu ganyen muke kwaɗawa, su kuwa 'ya'yan nan dogaye masu kama da sanda suke yankawa tsawon yatsa su jefa a miya. Ki tsinko ɗanye shar tun bai ƙosa ba, in ya dahu a tsotse cikin a yar da ɓawon. In akwai bishiyar a gidanku ai ko sisi ba ki kashe ba.

Kaurin miyar daga wani wake ne da suke kira tur dal. Ki je Sabon Gari wurin matan Ibo masu kayan abinci ki ce a ba ki fiyofiyo, shi ne. Sai dai nasu na Indiya a surfe yake a fashe, namu kuwa da ɓawonsa, don haka ki jiƙa shi ya kwana kafin ki ɗora. In bai samu ba, farin wakenmu da aka surfa ya wadatar, ki dafa shi ya yi lugub.

Saura ƙananan kayan ƙamshi. Waɗannan ki nufi shagunan masu maganin Musulunci, domin da sunan Larabci ake sayar da su. Ki tambayi hulba, da kammun, da kuzbara, da hardal. Hardal ɗin nan 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne, kuma shi ne sirrin ƙamshin girkinsu. Idan miya ta dahu, sai ki sa mai cokali 2 a wani kasko ya yi zafi, ki zuba hardal rabin ƙaramin cokali har ki ji yana fashewa tas-tas, ki jefa busasshen barkono, ki juye a kan miyar ki rufe da sauri. Hulba kuwa a yi hattara, 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa tukunya, in ta yi yawa ɗaci zai kore kowa daga kwano.

Yanzu ga inda ake yin asara. Garin kori na gwangwani da muke sa wa dafa-duka ba shi suke zuba wa sambar ba, Turawan Ingila ne suka yaɗa wannan haɗin a duniya. Haka ganyen kori da masu kayan miya suke sayar mana, dangin ɗoɗɗoya ne. Na Indiya ganyen wata bishiya ce daban, ƙanana a jere kamar na darbejiya, ƙamshinsu bai haɗu ba ko kaɗan. In ba ki samu na ainihi ba ki bar shi, miyarki ba za ta lalace ba.

Abu guda da yake da wuyar samu shi ne wani baƙin wake da suke kira urad dal. Da shi ake yin idli da dosa, shinkafa kashi 3 wake kashi 1, a markaɗa a bari ya kwana ya tashi kamar ƙullin waina. Sai a kantunan Indiyawa, kamar na unguwar Ilupeju a Legas. Kada ki takura wa maigida ko Baba a kansa, domin mutanen gaɓar tekun Karnataka suna da wata dosa da ba ta buƙatarsa, sunanta nir dosa, wato dosar ruwa. Kusan ƙanwar sinasir ce. Ga yadda ake yi:

Ki wanke shinkafar tuwo gwangwani 2, ki jiƙa ta awa 4. Ki goge rabin kwakwa ki haɗa, a markaɗa ya yi laushi sosai. Ki sa gishiri, ki ƙara ruwa har ƙullin ya yi ruwa-ruwa kamar madara. Babu yis, babu jiran ya tashi. Ki shafa wa kasko mai kaɗan, in ya yi zafi ki zuba ludayi guda ki juya kaskon ya baje, ki rufe minti 1. Ba a juya ta. Ki ninke ta gida 4 ki ɗora a faranti.

Abin dangwalawa kuma, ki niƙa sauran kwakwar da soyayyar gyaɗa cikin hannu, da attaruhu 1, da 'yar citta, da ruwan tsamiya cokali 1, da gishiri. Ki soya hardal kamar yadda na faɗa ki zuba a kai. Ki yi shi daidai ci, don kwakwa ba ta jure zafin garinmu.

'Yan mata, ku fara gwadawa da gwangwani 1 ranar da babu makaranta, Umma tana kusa tana duba muku wuta. Amarya kuma kada ki fara da ranar da dangin miji za su zo, ki gwada ku biyu tukuna ki ji abin da zai ce.

Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.